Kyaftin Ba Zai Shiga Ƙanƙara Ba

"Ba zan sa hannu ba," in ji Larysa Fedoruk.

Koci Pankratz bai ko waiwayo ba. Yana tsaye gaban allon ofishinsa yana jera sunayen waɗanda za su buga da la'asar, ya riga ya rubuta Wade Desjarlais a can sama, inda sunan ya saba zama.

"Ban tambayi ra'ayinki ba, Dokta. Cewa na yi ki sa hannu. Ya ci gwajin ko bai ci ba?"

"Ya ci."

"To?"

"To ba zai shiga ƙanƙara ba."

Ranar Lahadi ce, ranar wasa na bakwai. Kyarketan Halvard sun ci uku, 'yan Brantmoor sun ci uku, wanda duk ya faɗi yau sai ya tattara kayansa sai baɗi. Ranar Juma'a, a wasa na shida, wani ƙaton mai tsaron baya ya haɗa Wade da katangar filin hoki, wasan da ake kora ƙaramin faifai da sanda a kan ƙanƙara zuwa raga. Wade ya tashi yana murza kafaɗa, ya ɗaga wa jama'a sanda, ya ƙarasa wasan. Kowa ya ga kafaɗar. Larysa da ke bayan benci ta ga yadda kansa ya daki gilashin katangar kafin kafaɗar ta taɓa komai, ta kuma gane murzawar don 'yan kallo ya yi ta. Washegari ita da kanta ta sa aka yi masa gwajin ƙwaƙwalwa. Dokar gasar kuwa ita ce, wanda aka yi wa wannan gwaji ba ya sake ɗaura takalmin ƙanƙara sai likitar ƙungiya ta yarda. Likitar ita ce, a shekararta ta biyu da kama aiki, ko talatin ba ta cika ba.

Lorne Haugen, manajan ƙungiyar, yana zaune a kusurwa riƙe da kofin kofi. Shi ba ya ɗaga murya, ko korar mutum zai yi.

"Larysa, zauna mana. Ba faɗa muke yi ba."

Ba ta zauna ba.

"Kin san rabonmu da wuce wannan zagaye, tun kina firamare."

"Na sani. Ina wurin, a kafaɗar babana."

"To ki taimake ni in gane. Kwamfuta ta ce lafiyarsa lau. Ke kin ce a'a. In jama'a suka tambaye ni, me zan ce musu?"

Ta san dalilin da ya sa kwamfuta ta ce haka, su ma sun sani. A farkon kowace kakar wasa akan gwada 'yan wasa tun suna da lafiya: tuna kalmomi, saurin ido, saurin hannu. In mutum ya bugu daga baya, a sake gwada shi, a kwatanta da na farko. Tsofaffin hannu sun daɗe da gano dabarar. Sai su yi nawa da gangan a gwajin farko, su manta abin da ba su manta ba, don ranar da kan ya bugu da gaske su zo daidai da jiya. Wade ya shekara goma sha biyar yana wannan sana'a.

"Jiya ya tambaye ni wa ya ci wasan Juma'a," ta ce. "Na zaci wasa yake. Kafin in gama naɗe masa hannu ya sake tambayata. Na same shi yana amai a banɗaki da fitila a kashe."

Pankratz ya yi tsaki ya ajiye alƙalamin allo. "Da safen nan kika yi wa Boychuk allura a idon sawu. Karyayyen ƙashi ne da shi, kika kashe zafin, kika naɗe, kika ce ya je ya buga. Shi ba mutum ba ne?"

"Ƙashi yana ɗoruwa. Na faɗa wa Boychuk abin da zai iya biyo baya, ya ji, ya gane, ya zaɓa. Wade in na faɗa masa abu yanzu, kafin ya kai ƙofa ya zube. In ya sake buguwa a kan wannan, ban san ko zai tashi ba."

"Ba ki sani ba."

"Ban sani ba."

"Kun ji ko. 'Yar Taras ta je birni ta yi karatu, ta dawo ta ce mana ba ta sani ba. Likitan da ya riga ki a kujerar nan bai taɓa hana namiji wasa na bakwai ba."

"Na ga wasu daga cikin mazan nasa a asibiti, Koci. Matansu ke amsa musu tambaya."

Haugen ya dubi cikin kofinsa. Pankratz ya ɗauki tsumma ya goge sunan Wade da ƙarfi har allon ya girgiza.

"Ke za ki faɗa masa," ya ce. "Ba ni ba."

Ba ta sha wahalar neman Wade ba. Yana zaune kan gadon ɗakin jinya, ya kashe fitilar sama ya bar ƙaramar da ke kan tebur. Gemunsa ya cika fuska kamar na kowa a ƙungiyar, don ba mai aski tun da aka fara wasannin kofi, sai dai nasa ya fara furfura a haɓa. Lokacin da yake matashi yana cin raga kamar wasa, hotonsa ne a bangon ɗakinta.

"Lari," ya ce, "fuskarki ba ta yi mini ba."

"Ba za ka buga ba, Kyaftin."

Ya yi 'yar dariya. "Haba, ƙanwata. Na ci gwajinku."

"Ka ci. A watan Satumba ka kasa tuna kalmomin da 'yarka ƙarama za ta tuna. Na gani, na yi shiru. Bai kamata in yi shiru ba."

"Kowa yana yi."

"Na sani."

Ya sa hannu ya rufe idonsa na ɗan lokaci, kamar ƙaramar fitilar ma ta yi masa yawa. "Saurara. Kwantiragina ya ƙare da kakar nan. Haugen ya ce in na tsallakar da su zagayen nan, akwai shekara ɗaya. Shekara ɗaya kawai nake nema. Ban iya komai ba sai wannan. Ba sai na yi karo da kowa ba. In shiga, in ƙwato faifai, in fito. Kin san a karɓar faifai daga hannun alƙali babu kamata a gasar nan."

"Babu."

"To ki bar ni."

"A'a."

"Kaina ne. Ba naki ba."

"Naka ne. Hannun da za a sa kuma nawa ne."

Ya daɗe yana kallonta. Ta ga yana neman wata magana da ta kuɓuce masa, yana lalube, sai ya haƙura da ita ya kamo wata.

"To abu ɗaya. Kada ki ce ciwon a kaina yake. Wannan shi ne bugu na huɗu da aka sani. In ya fita a rediyo cewa kan Desjarlais ya sake buguwa, babu wanda zai ɗauke ni ko a kyauta. Akwai wata ƙungiya a Jamus da ke tuntuɓa ta. Ki bar su a kan kafaɗa."

"Ba zan yi ƙarya ba. Amma ciwonka sirrinka ne. Ba wanda zai ji daga bakina."

"Kin yi alkawari?"

"Na yi."

Ya sauko daga gadon a hankali, ya dafa bango. A bakin ƙofa ya tsaya. "Ƙarfe nawa ake farawa?"

Shi da ya buga kowane wasan Lahadi a filin nan tun kafin ta gama sakandare. Ta faɗa masa.

Filin ya cika har kan matakala. Manoma sun bar gyaran motocin shuka sun zo da iyalansu, kowa da farin tawul yana kaɗawa. Da mai sanarwa ya karanto sunayen waɗanda ba za su buga ba, ya zo kan Desjarlais ya ce "ciwo a saman jiki", kamar yadda aka saba faɗa don kada abokan hamayya su san inda za su nufa, sai wurin ya ɗauki wani irin gunaguni mai nauyi. Larysa ba ta ɗaga kai ta dubi layin da mahaifinta yake zama ba.

Yaran sun yi iya yinsu. Ta ɗinke leɓen ɗaya a tsaye a lungun benci, ya koma kafin jinin ya bushe a rigarsa. Boychuk ya tare faifai da ƙafar da ta karye, ya rarrafo zuwa benci yana zagin uwar kowa, ya huta, ya koma. Aka tashi biyu da biyu, aka shiga ƙarin lokaci, inda wanda ya fara ci ya tafi da komai.

Ba a jima ba alƙali ya tsayar da wasa kusa da ragar Halvard. A irin wannan wuri, shekara da shekaru, Wade ake turawa, kuma yara ƙanana a garin ma sun san haka. Pankratz ya duba bencinsa ya tura wanda yake da shi. Alƙali ya saki faifai, ɗan Brantmoor ya fizge shi baya, na bayansa ya ɗirka. Jar fitila ta kama a bayan raga, alamar an ci Halvard.

Ba a yi ihu ba. Tawul ɗaya ya faɗo kan ƙanƙara, sai wani. Ƙungiyoyin biyu suka yi layi suna gaisawa hannu da hannu kamar yadda al'ada ta tanada, waɗanda suka yi wasa bakwai suna fasa wa juna baki suna dafa kafaɗar juna. Wade ya sauko cikin kwat da takalmin gida, yana taka ƙanƙarar a hankali, ya bi layin daga ƙarshe. Mutane suka ga yana miƙa hannun dama yana girgizawa da ƙarfi. Kafaɗar da aka ce ita ce.

Pankratz ya wuce ta gabanta. "Kin ga wurin da aka ci mu?" ya ce, bai tsaya jin amsa ba.

Ta gani. Ta tattara zare da almakashi ta zuba a jaka.

Ranar kwashe kaya ita ce ranar da gaskiya take fitowa. Haka ake yi kowace shekara. 'Yan wasa su aske gemu, su zuba tarkacensu cikin baƙaƙen ledojin shara, su fito ɗaya bayan ɗaya gaban 'yan jarida, kowa ya faɗi ciwon da ya ɓoye yana bugawa da shi. Mutanen gari su tsaya a filin ajiye motoci suna saurare a rediyo. Wannan ya ce haƙarƙari biyu. Wancan ya ce yatsa ya goce tun zagayen farko. Boychuk ya fito a kan sanduna, ƙafa cikin filasta, ya ce, "Ɗan targaɗe ne," aka kwashe da dariya, aka tafa masa har ya shiga mota. A garin Halvard wannan ce lambar yabon wanda bai ci kofi ba.

Wade ya fito da ledarsa a kafaɗa, fuska a aske, baƙin tabarau a ido. Ba filasta, ba bandeji.

"Kyaftin, mene ne ya hana ka?" in ji mai rediyon gari.

"Saman jiki."

"An gama kaka, Wade. Yanzu ai sai ka faɗa mana."

"Na so in buga. Shi ke nan abin da zan ce."

Aka juya kan Pankratz. Ya gyara hularsa ya ce, "Wade ya ci duk gwajin da aka yi masa. Ya roƙa a bar shi. Hukuncin ba nawa ba ne, na ɗakin jinya ne." Ko kalma ɗaya ta ƙarya babu a ciki, shi ya sa ta fi ciwo.

Da Larysa ta fito, mai rediyon ya tare ta da abin magana. "Dokta, kin bar mutum ya buga da karyayyar ƙafa, kin hana kyaftin saboda kafaɗa. Jama'a suna so su gane."

Amsar tana bakinta, gajeriya, kalma uku ta isa. Ta hango Wade can gefen motarsa ya tsaya da leda a hannu, bai buɗe ƙofar ba.

"Ba na magana a kan marasa lafiyata," ta ce.

"Ko kin yi kuskure ne?"

"Ba na magana a kan marasa lafiyata."

Ta ratsa filin da kanta a sama. Wani ya ce, "Ga mai ilimi nan." Wata tsohuwa da ta koya mata ɗinki a coci ta juya mata baya. Ta shiga mota ta tafi.

Mahaifinta, Taras Fedoruk, manomin alkama ne da ya bar wa ɗan'uwansa gona ya dawo gari. Kowace safiya yakan je teburin tsofaffi a gidan shan kofi na bakin titi, inda ake yanke wa gwamnati da koci da farashin taki hukunci kafin rana ta yi sama. A makon nan ta lura da safe yana gida.

Ta same shi a kicin yana soya albasa da man shanu zai zuba a kan perogi, dafaffen kwaɓin fulawa mai dankali a ciki. Ya zuba mata, ya tura mata kirim mai tsami, ya zauna.

"Tato," ta ce, don haka take kiran babanta, "ba ka je shan kofi ba."

"Kofinsu ya lalace."

"Tun yaushe?"

Ya tauna, ya haɗiye. "Larysa, ni ubanki ne. Ba rediyo ba ne ni. Ki faɗa mini abin da ke damun yaron nan, in san abin da zan riƙe a cikina in sun fara. Ba zan faɗa ba."

"Za ka faɗa, Tato. Abokin hirarka Stan Wiebe zai ce 'yarka ta sayar da mu, ka buga tebur, ka faɗa."

Ya buɗe baki zai musa, ya fasa. "Stan Wiebe jaki ne," ya ce.

"Jaki ne. Amma za ka faɗa."

"To ki ce mini kawai kin yi daidai."

Ta juya cokali mai yatsu a cikin faranti. "Abin da na gani, na gani. In aka mayar da ni ranar, haka zan sake yi. Ko na yi daidai, ban da hanyar sani."

"Wannan ba abin da mutum zai kai teburin kofi ba ne."

"A'a."

Ya ƙara mata perogi biyu ba ta roƙa ba. Suka ci suka gama.

Haugen ya kira ta ofis bayan mako biyu. Taga a buɗe, ana jin motocin shuka suna wucewa a babban titi. A bangonsa akwai allon sunayen 'yan wasan baɗi. Mai tsaron raga yana nan, Boychuk yana nan, an ƙaro wasu matasa daga ƙaramar ƙungiya. Inda sunan Wade yake zama babu komai.

"Ba za mu sabunta masa ba," ya ce. "Ƙafarsa ta yi nauyi, muna bukatar sabon jini. Ko da mun ci, da wuya. Kada ki ɗora wa kanki wannan."

"Ka ce masa in ya tsallakar da ku akwai shekara ɗaya."

"Na ce. Bai tsallakar da mu ba." Ya gyara zama. "Ga matsalata. In na saki kyaftin ɗin da garin nan yake so, bayan an hana shi wasansa na ƙarshe ba dalili, za su ƙona mini filin nan. Masu tikitin shekara sun fara kira. Amma in suka san kansa ne, kowa zai gane. Za su ce ƙungiya ta kula da shi. Za su ce likita ta ceci ransa. Ki zauna da mai rediyo, ki faɗi gaskiya, ba ƙari ba ragi. Ki wanke kanki, ki wanke mu."

"Ka tambayi Wade?"

"Wade ba ya ɗaga wayata."

"To ka ji amsarsa."

"Larysa, gaskiya fa nake cewa ki faɗa. Wancan karon kin ƙi don kin ce ba za ki rufe ido ba. Yanzu na ce ki buɗe baki, kin ƙi. Me kike so?"

"Kai ma ka sani, Koci ma ya sani. Me ya hana ku faɗa?"

Ya yi murmushi kaɗan. "In ni na faɗa, manaja ne ke neman hujjar korar tsoho. Kuma ƙungiyar kare haƙƙin 'yan wasa za ta ci ni da rai. In ke kika faɗa, likita ce."

"Likita ce ta tona asirin mara lafiyarta."

"Garin nan ba zai karɓe ki a bayan benci baɗi ba in ba ki yi ba. Yaran ma. Kin san abin da suke cewa a ɗakin sa kaya? In ka ji jiri, kada ka bari Dokta ta gani."

Wannan ya shige ta fiye da duk abin da aka faɗa mata a filin motoci. Ta hana mutum ɗaya, ta koya wa ashirin su ɓoye mata. A karo na farko ta so ta zauna a ofishin nan. Ta dafa bayan kujera ta tsaya.

"Ba zan yi ba, Mista Haugen."

"To ba ni da yadda zan yi."

"Na sani. Ku kullum ba ku da yadda za ku yi."

Ta kwashe kayanta a ranar. Ba a samu kwali ba, sai mai kula da kayan wasa ya miƙo mata baƙar ledar shara, ya kasa haɗa ido da ita.

Ta samu aiki a wani asibitin ƙashi a birni, tana duba gwiwoyin tsofaffi da bayan masu aikin ofis. Takan zo ganin mahaifinta in ta samu hutu. A ƙarshen watan Agusta, ana tsakiyar girbi, ta tsaya shan mai a bakin gari, sai ga Wade yana saukowa daga babbar motar ɗaukar hatsi ta surukinsa. Ya rame kaɗan, rana ta ƙona masa wuya. Babu tabarau.

Ya gan ta. Ya yi kamar zai koma cikin motar, sai ya tsaya.

"Dokta."

"Kyaftin. Ya kan?"

"Ya daina ciwo tun watan Yuli. Ina karanta wa yara littafi ba na ganin layi biyu." Ya soka bututun mai a tanki. "Kin riƙe bakinki. Na ji abin da Haugen ya nema."

"Jamus fa?"

"Sun fasa. Wakilina ya ce sun tambaya a nan, aka ce musu kyaftin ne da ya zauna a wasa na bakwai da ciwon da ba wanda ya gani. Suka ce ba irin shugaban da suke nema ba ke nan." Ya yi dariya ba daɗi. "Da sun san kaina ne ya bugu, ba su ɗauka. Da ba su sani ba, ba su ɗauka ba."

"In kana so in yi magana yanzu, zan yi."

"Yanzu? Don me? Ki bar shi. Gara a ce na ji tsoro da a riƙa kallona a kanti ana jira in manta sunana." Ya dubi lambobin famfon suna gudu. "Da na karɓi faifan nan, Lari. Kin sani. Ido a rufe zan karɓe shi."

"Wataƙila."

"Ba wataƙila ba."

"Wataƙila kuma da yanzu matarka ke ba ka abinci a baki."

"Wataƙila," ya ce. "Amma da ni na zaɓa."

Ya mayar da bututun, ya shiga ya biya, ya fito ya hau motarsa. Bai ɗaga mata hannu ba.

Da kakar wasa ta zagayo, Kyarketai suka fito da sabon kyaftin da sabon likita, wani dattijo daga garin da ke kusa. Taras Fedoruk bai sabunta tikitin kujerarsa a filin ba, kujerar da ya riƙe tun kafin a haifi 'yarsa, kuma bai koma teburin kofi ba. Yakan saurari wasa a rediyon kicin, ya kashe in ta shigo.

Abin da tsayuwar ta ci mata ke nan: aikin da ta yi karatu dominsa, garin da aka haife ta, abokan hirar mahaifinta, da gaisuwar mutumin da ta tsaya dominsa. Ba wanda ya zo daga baya ya ce ta yi daidai. Wade yana tafiya da ƙafafunsa, yana gane 'ya'yansa, kuma har ta mutu ba za ta san ko ita ce ta sa ba, ko kuwa da ma babu abin da zai same shi.